Baƙar Motar Surukina

Na yi shekara biyu da aure ban taɓa haɗa ido da surukina ba. Haka muka taso, shi ɗin ma kuma ba mutumin da ake ƙura wa ido ba ne. Malami ne a Unguwar Dosa da ke Kaduna, manya yake karantarwa a zaurensa: 'yan kasuwa, teloli, da wasu ma'aikatan gwamnati da kan biyo da littattafansu bayan sallar Asuba kafin su wuce ofis. Ni kuwa ina koyarwa a wata firamare a Doka. Idan na je gaishe shi, tun daga waje nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Allah gafarta Malam." Ya amsa, ya tambayi gida da aiki, ya sa mini albarka, in tashi. Abin da na fi sani a jikinsa shi ne ƙafafunsa da gefen buzun da yake zama a kai.

Ana nan sai wani ɗalibinsa mai fataucin goro ya sayi sabuwar mota, ya kawo wa Malam tsohuwar kyauta. Lokacin ba a daɗe da komawa tuƙi ta hannun dama ba, kowa yana neman rabuwa da mota mai sitiyari a dama, ita kuwa irinsu ce. Baƙa ce wuluk, ƙirar Ingila, bayanta a dunƙule kamar kunkuru, kujerunta na fata duk sun tsattsage. An ce ta shigo ƙasar nan tun kafin a ba mu mulkin kai. Giyarta a jikin sitiyari take. Idanun Malam sun fara rauni a lokacin, har karatu ma sai an matso masa da littafi kusa da fuska. Ni ne mai lasisi a dangi, saboda haka tuƙi ya faɗo kaina: masallacin Juma'a, gaisuwar mutuwa, asibiti idan surukata, wadda muke kira Inna, za ta ga likita.

Wata Asabar cikin damina muka kama hanyar Zariya, za mu sunan wata 'yar'uwar Inna da ta haihu. Malam yana gaba kusa da ni da carbinsa, Inna da matata suna baya. Tun kafin mu fita gari giya ta uku ta fara halinta. Ina sa ta, mu ɗan yi tafiya, sai ta fice da kanta, inji ya yi ta ihu a banza. Na saba da hakan, nakan danne ta da hannu ne kawai. Muna wuce Kawo kaɗan sai na ga allurar zafi ta haye can ƙarshe, kafin in ce wani abu tururi ya taso daga gaban mota ya rufe gilashi.

Na gangara gefen titi, na fito a guje na ɗaga bonet. Lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, na ta tafarfasa kamar tukunya. Akwai galan ɗin ruwa a but, na ɗauko, na kai hannu zan buɗe murfin.

"Kada ka taɓa!"

Ban taɓa jin muryar Malam ta tashi haka ba. Ban ma san ya fito ba, sai na ji ya damƙe mini wuyan hannu. Riƙon ya ba ni mamaki, don ba riƙon mai alƙalami ba ne, kamar an ɗaure ni da awartaki.

"Da ka buɗe, da fuskarka ta saɓule," in ji shi. "Da kuma ka zuba mata ruwan sanyi a haka, da injin ya tsage. Ajiye galan ɗin, Malam ƙarami. Mu ba ta lokaci."

Haka yake kirana, Malam ƙarami, saboda aikina. Muka tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa kusan rabin sa'a. Da ta huce, ya karɓi tsumma ya murɗa murfin rabi, ya jira hucin ya fita, sannan ya cire. Ya ce in tayar da inji tukuna, in riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan yana aiki. Da muka kashe, sai ya shiga shafa jikin lagireton da tafin hannu, sama, tsakiya, ƙasa, kamar mai duba yaron da ke zazzaɓi.

"Kawo hannunka. Nan da zafi, ko? To nan fa?"

"Nan da sanyi, Allah gafarta Malam."

"Ruwa ba ya bi ta nan ke nan. Hanyoyinta sun toshe. Ba za mu kai Zariya yau ba."

Muka juyo gida a hankali, muna yi muna tsayawa. Ta madubi na ga matata ta saki baki tana kallon ƙeyar mahaifinta.

Washegari na ɗauko wani bakanike da na sani a Doka. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce kayan irin wannan mota sun ƙare a kasuwa, gara a sayar wa masu sayen ƙarfe. Malam ya yi masa godiya, ya ba shi goro, ya sallame shi. Da zan tafi ya ce, "Yaushe za ku yi hutu?" Na ce saura mako guda. Ya ce, "Idan kun yi, ka riƙa zuwa da hantsi, bayan na sallami masu karatu. Ka zo da kayan da ba ka so."

Ranar farko da na zo, na tarar an jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gadon Inna. Matata, da ta biyo ni, ta ce tun tana ƙarama take ganinsa, ta ɗauka littattafai ne a ciki. Malam ya buɗe. Sifanu ne jere, manya da ƙanana, kowace a naɗe cikin tsumma mai maiƙo, babu ɗigon tsatsa a jikinsu. Ga guduma ƙarama, ga magagari, ga wasu abubuwan da ban san sunansu ba.

"Baba, na wane ne waɗannan?" in ji matata.

Inna ce ta amsa daga bakin murhu. "Nasa ne mana. Ai da na aure shi bakanike ne a garejin gwamnati, zamanin Turawa. Wankin kayansa sai da na yi kuka. Ba a haife ki ba ya bari."

Sai ga Malam ya fito daga ɗaki da wata tsohuwar taguwa da wando iya ƙwauri, ba rawani, sai 'yar hula. Na sunkuyar da kai don kunya. Ya ce, "Idan kanka yana ƙasa, wa zai duba mini? Ni hannu ne da ni, kai ido. Ɗago."

Da lagireto muka fara. Ya sa na kwance tiyon sama da na ƙasa, muka ɗago ta muka kwantar a tsakar gida. Ya aika aka kwaso tsamiyar da Inna ta tanada don kunu, aka jiƙa ta a babbar roba, aka tace. Inna tana ta mita, wai an mayar da kayan kununta abincin mota. Muka toshe bakin ƙasa, muka ɗura ruwan tsamiyar har ya cika, aka bar ta ta kwana biyu. Da muka zo zubarwa, ya ce a kifa ta, a ɗura ruwa ta ƙasa ya fito ta sama, wato a bi da shi ta inda bai saba bi ba. Abin da ya fito ya ba ni tsoro: jan laka, ɓarɓashin tsatsa, da wani farin abu kamar ƙanzon tukunya. Mun yi ɗauraya ta fi goma kafin ruwan ya fito garau.

Daga nan ya sa aka cika rabin duro da ruwa, muka toshe ƙofofin lagireton ban da guda, muka nutsa ta. Ya kafa baki a tiyo yana hurawa, ni kuma ina kallon inda kumfa zai taso. Wuri uku na gani, ƙanana kamar hudar allura. Duk inda na nuna, sai ya kai yatsa ya shafa, ya ce in zana da alli.

Giya ce babban aikin. Wasu ɗalibansa biyu, tela da mahauci, dukansu magidanta, suka haƙa rami a gefen gida muka tura motar a kai. Da muka kwance notin ƙasa, man giya ya zubo baƙi ƙirin, da kyar ya cika gwangwani ɗaya. Malam ya tsoma yatsu biyu ya murza, ya sansana, sannan ya miƙo mini su a rana.

"Me ka gani?"

"Wani abu yana ƙyalli, kamar garin zinariya."

"Jikinta ne take ci. An bar ta ba mai."

Mu uku muka sauko da akwatin giyar da igiya da itace, muna nishi. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma a zauren karatu, aka rufa mata tsohon farin zane. Malam ya zauna a inda yake zama kullum, ya yi bisimilla, ya fara kwancewa. Duk abin da ya ciro sai in wanke da kananzir in miƙa masa, shi kuma ya ajiye, daga dama zuwa hagu, layi bayan layi, yadda ake rubutu a allo. Kafin Azahar zanen ya cika da ƙarafa: faya-fayai masu haƙora, zobba, sanduna, boris. Ban taɓa zaton abin da ke cikin wannan baƙin akwati ya kai haka yawa ba, kuma a raina na riga na yanke cewa ba mai iya mayar da su.

Ni da nake zana wa yara hoton inji a allon aji, ranar na fara ganin yadda abin yake. Ya ɗauki faifai ƙarami ya haɗa da babba, ya juya, ya ce in ƙirga. Ƙaramin ya zagaya sau uku kafin babban ya yi ɗaya. "Ka ga giya ta ɗaya ke nan. Ba sauri, amma ko dutse ne za ta hau. Wanda ya zauna ya tsara wannan, Allah ya ba shi basira. Ka duba, ba haƙori ɗaya da aka sa a banza."

Sai ya rufe ido ya shiga bin haƙoran nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai yayyafi a kan kwano. Ya gama da faifai ya ajiye, ya ɗauki wani. Ya kai sa'a guda a haka. Da ya zo kan wani ƙarfe mai baki biyu, kamar gwafa, sai yatsan ya tsaya.

"Ga ɓarawon," in ji shi. "Wannan shi ke tura giya ta uku ya riƙe ta. Taɓa nan."

Na taɓa, na ce ban ji komai ba. Ya kama yatsana ya bi da shi ɗaya gefen, sannan ya dawo da shi wannan. Sai a karo na uku na ji: wani ɗan kwari ne da bai kai kaurin farce ba. Ido bai isa ya gan shi ba, ko nawa mai lafiya. Ya kuma gano wata 'yar waya mai lanƙwasa da ta saki, wadda ke danne wani ɗan ƙwallon ƙarfe kamar ƙwayar wake. Waɗannan biyun su ne suka hana ni sakat wata da watanni.

Na ce, "To ina za mu samu sabo, Allah gafarta Malam?"

"Ba za mu samu ba. Gobe ka nemo mana tasi, za mu Hayin Banki."

A Hayin Banki, bayan rumfunan masu tireda, akwai wani tsohon maƙeri mai ido ɗaya da ke ƙera fitilu da mazurari da gwangwani. Yana hango Malam ya yar da guduma ya miƙe, ya kira shi da wani laƙabi da ban taɓa ji ba, ba kuma zan faɗe shi a nan ba. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe tare suka yi aiki a garejin nan. Suka daɗe suna tambayar juna wane da wane, mafi yawa sun rasu.

Maƙerin ya juya ƙarfen a hannunsa, ya ce, "Allah gafarta Malam, wannan ai sai an yi masa ciko." Ya tono wani tsohon kan famfo na tagulla daga cikin tarkacensa, ya yanki ɗan guntu, ya sa na kama masa zugazugi. Ina zuga, tagullar ta narke ta kwanta a kan kwarin nan kamar man shanu. Da ta huce ya kama gogewa da magagari. Ya goga kaɗan, ya miƙa wa Malam. Malam ya shafa ya ce, "Saura." Maƙerin ya ƙara gogawa, Malam ya sake shafawa. "Saura kaurin takarda." Maƙerin ya ƙara gogawa sau ɗaya tak. Malam ya rufe ido ya bi da yatsa, ya ce, "Tsaya nan." Babu ma'auni a wurin, babu komai, sai yatsan wannan da hannun wancan. Wayar kuwa, daga cikin wani mataccen agogon bango maƙerin ya samo mai ƙarfinta ya yanka daidai. Kafin La'asar ya like hudoji ukun nan na lagireton, da muka taho da ita, da dalma, muka sake gwadawa a ruwa, ko kumfa ɗaya.

Wajen mayarwa ne na yi ɓarna. Malam ya ce in miƙo masa ɗan ƙwallon nan, hannuna da maiƙo, ya suɓuce ya gangara ta ƙofa ya faɗa cikin yashin tsakar gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Muka duƙufa nema ni da matata har gwiwoyinmu suka yi ja. Malam yana zaune yana jan carbi. Can sai Inna ta fito da rariyar tankaɗe, ta ce mu matsa. Ta share yashin wurin ta tara, ta shiga tankaɗewa kamar garin tuwo. A tankaɗe na huɗu sai ga shi yana rawa a cikin rariya. Ta miƙa wa Malam ta ce, "Ba yau na fara ba." Ya ce, "Gaskiya ne."

Ya mayar da ƙarafan nan daga hagu zuwa dama, na ƙarshen fita shi ne na farkon shiga. Ko sau ɗaya bai yi shakka ba. Aka kira Azahar yana tsakiyar aiki, ya wanke hannu da toka da sabulu, ya sa riga ya ja mu salla, ya dawo ya miƙa hannu daidai kan abin da ke biye. Takardar da ake sawa tsakanin murfi da akwati don kada mai ya zuba ta yage, sai ya karɓi bangon wani tsohon littafina mai kauri, ya ɗora a bakin akwatin, ya bi gefe-gefe yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma har ta fita daidai da siffar wurin, da hudojin noti da komai.

Muka mayar da akwatin giyar jikin mota, muka cika man giya har ya fara dawowa ta hudar gefe. Muka mayar da lagireto, muka sa sababbin tiyo. Fambel kuma, wato bel ɗin da ke juya fanka, ya danna da babban yatsa ya ce in ƙara ja kaɗan. Da na nufi rijiya zan ɗebo ruwa ya hana. Ya ce ruwan rijiya shi ya toshe ta tun farko. Na duron da ke ƙarƙashin indararo aka tace da ƙyalle aka zuba mata.

Mako uku cif muka yi. Ranar gwaji muka fita da yamma mu biyu, muka nufi wajen Malali, inda a lokacin fili ne fetal da gonaki. Na sa giya ta uku, na cire hannuna ina jira ta fice. Ba ta fice ba. Allurar zafi ta hau tsakiya ta zauna kamar an kafe ta da ƙusa. Amma duk sanda na canza giya sai na ga Malam ya ɗan yamutsa fuska. Da muka kai wani fili da yara ke ƙwallo da safe, ba kowa, ya ce in tsaya.

"Akwai wani abu a gabanmu?"

"Babu, sai wata bishiyar mangwaro can nesa ta hagu."

"To zagayo. Idan na nufe ta ka faɗa mini."

Ban isa in yi musu ba, na fito na ba shi kujerar direba. Ya zauna, ya tattare hannun riga, ya tayar. Motar ta ɗaga ba tare da na ji lokacin da ta ɗaga ba. Ya taka kuloci ya fitar da giya, ya saki, ya ɗan taɓa totur, ya sake takawa ya shigar. Ba ƙara, ba gurnani, ba girgiza. Ta biyu, ta uku, ya dawo ta biyu. Na shekara ina tuƙa motar nan ban san tana da irin wannan murya ba. Muka zagaya filin sau huɗu, kansa a ɗan karkace yana saurare, fuskarsa kamar ta wanda ya ji muryar ɗan'uwansa bayan doguwar rabuwa.

Da ya tsaya ya ce, "Kana tura ta da ƙarfi. Ka saurari inji, shi zai gaya maka lokacin. Idan lokacin ya yi, da yatsa biyu ma za ta shiga."

Na ga fuskarsa a sake, sai na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, me ya sa kuka bar wannan aiki?" Ranar na fara kiransa Baba.

Ya kashe inji. Sannan ya ce wani abokin aikinsu ne ya rasu a garejin, baƙo ne daga nesa, ba shi da kowa a Kaduna. Su kusan ashirin Musulmi a wurin, aka rasa wanda ya san yadda ake wanka da sallar gawa yadda ya kamata. Suka tsaya cirko-cirko a kansa har aka nemo wani tsoho daga cikin gari. "Na dubi hannuna, na ce ga shi ba injin da ba zan kwance in mayar ba, amma na kasa sallamar ɗan'uwana. Watan bai ƙare ba na ajiye aiki na tafi Zariya karatu." Ya shafa sitiyarin. "Amma ban taɓa ƙin aikin ba. Wannan ma ilimi ne, Mai ba da wancan shi ya ba da shi."

Motar ta yi mana shekara shida bayan haka. Kowace Asabar da hantsi nakan duba ruwa tun inji yana sanyi, in matsa tiyo in ji ko ya yi laushi, in danna fambel, in leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai. Duk ƙarshen damina mukan juye ruwan mu sa sabo, Inna kuma ta riƙa cika mana tuluna biyu na ruwan sama ta rufe don rani.

Wajen ƙarshen shekarun nan idanun Malam suka tafi gaba ɗaya, da ka yake karantarwa. Wata ranar Juma'a na zo ɗaukarsa, na tsaya a ƙofar gida na kashe mota, na shiga zaure na durƙusa. Kafin in gama gaisuwa ya ce, "Tun daga kwanar masallaci nake jin ku. Man giya ya yi ƙasa."

Na ce ai makon jiya na duba.

"Sake dubawa. Akwai sauran lokaci kafin huɗuba."

Na tuɓe babbar rigata na ba matata, da muka zo tare, ta riƙe, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi da sifana. Na kwance notin gefe na tura yatsa. Sai da na kai gaɓa ta biyu kafin na taɓo mai.